Almajiri ko ɓarawo? Ken Colyer da tsohon mai goge na Kurfai

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ƴan bokonmu, wadda na sake ji a wani taron raya al'adu a Filinge: wai Turawa sun sace kiɗan baƙar fata, sun yi arziki da shi, sun bar mu hannu rabbana. Wani malamin makaranta, abokin aikina, shi ya faɗe ta, aka kuwa yi ta tafa masa. A daidai lokacin da ake tafin, wani tsoho mai goge yana zaune bayan rumfa tun hantsi. An gayyato shi ya buɗe taro, aka manta da shi, domin na'urar sauti ta riga ta cika fili. Da la'asar aka danƙa masa jika guda, aka sallame shi. Saboda wannan tsoho ne nake son in ba malamai ƴan uwana labarin wani Bature, su yi mana alƙalanci.

An haifi Ken Colyer a Ingila a 1928. Yana yaro ya ji faifan jaz na wansa, kiɗan da jikokin bayi suka ƙaga a birnin Niyu Olins na Amurka, ya kamu da son sa, ya koyi busa ƙahon Turawa. Da ya ga koyo daga faifai ba zai kai shi ba, sai ya shiga aikin jirgin ruwan fatake. A 1952 jirginsu ya tsaya a Mobil ta jihar Alabama, ya sauka bai koma ba, ya nufi Niyu Olins neman tsoffin makaɗan da yake ji a faifai. A lokacin Amurka ta juya wa salonsu baya, kuma wariyar launi ta sa abin tuhuma ne a ga fari yana busa tare da baƙi. Ya zauna gaban George Lewis, mai busa wata irin algaita, mutumin da ya daɗe yana dako a tashar jiragen ruwa domin kiɗa bai iya ciyar da shi ba. Da wa'adin takardarsa ya ƙare, aka jefa Colyer kurkuku fiye da wata guda, sa'annan aka tasa ƙeyarsa zuwa gida a 1953.

Da ya koma Landan ya shugabanci wata ƙungiya tare da Chris Barber da Lonnie Donegan, suka rabu a 1954 saboda ya ƙi a sassauta salon da ya koyo. A 1957 malaminsa George Lewis ya zo Ingila, suka zaga garuruwa suna busa tare, jama'a suka ga tushen abin da ido. Wasu abokansa sun yi kasuwa da salo mai saurin shiga kunne. Shi ya tsaya kan nasa har ya rasu a Faransa a 1988.

Ba na musun cewa kamfanonin faifai sun cuci makaɗa baƙaƙe da yawa, kuma sau tari farin da ya kwaikwaya ya fi mai abin samun kuɗi. Wannan zalunci ne, a faɗe shi. Amma ɓarawo ba ya ambaton sunan mai kaya, ba ya kwana kurkuku don ya zauna kusa da shi, ba ya kuma kiran sa gidansa ya ɗora shi bisa dandali. Mai yin haka, a Hausa almajiri muke ce masa. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana: mun taka namu, muna hango na wani.

Mu Kurfayawa ma bai kamata maganar aro ta ba mu tsoro ba. A 1925, a ƙasar nan tamu, wata mata mai suna Shibo daga Shikal ta fito da iskokin da ake kira Babule, waɗanda suka ari tafiyar soja da sarawar Nasara da tsawar kwamanda, suka shigar da su fagen bori. Kwamandan Yamai, Crocicchia, ya kama su ya kulle, daga baya shi kansa ya koma iska a cikinsu. Ba sai mutum ya yarda da bori ba kafin ya gane cewa wannan babi ne na tarihin turjiyar talakawanmu, kuma makaɗa ne suka riƙe shi a hannuwansu. To, wa ya bi sawun labarin? Jean Rouch, Bafaranshe, ya ɗauki hoton mabiyansu a Akra a 1954. Finn Fuglestad, mutumin Norwe, ya rubuta tarihinsu a 1975. Mu kuwa muna karanta labarin kakanninmu da Faransanci, alhali masu riƙe da taken suna wuce ƙofar makarantarmu kullum, muna ce musu maroƙa.

Kada wani ya ce irin himmar Colyer sai Bature. Malam Maman Barka, wanda aka haifa a Teskar a 1959, malamin makaranta ne kamarmu kafin ya shahara da gurumi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin Tafkin Cadi wurin Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe na biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar na masuntan Buduma. Ya zauna ya koya, ya kai biram har Turai kafin rasuwarsa a 2018. Da ya tsaya zagin Turawa a taro, da biram ta bi tsohon zuwa kabari.

Ga abin da nake roƙo, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Kowane malami a Filinge da Shikal da Tukunus yana da wayar da ke ɗaukar murya. Kowace ƙungiya ta zaɓi tsoho ɗaya, mai goge ko gurumi ko kalangu, ta je gidansa da izininsa, ta ɗauki kiɗansa, ta rubuta sunan kowane take da wanda aka yi wa shi da wanda ya koya masa. A biya shi ladan gwani. A ajiye kwafi ɗaya a garin, a kai ɗaya ma'ajiyar IRSH ko CELHTO a Yamai. Abin da ya fi duka, a samo yaro ɗaya mai kunne a zaunar da shi gabansa, iyayensa kuma su ji daga bakin malamai cewa wannan ilimi ne. Rashin tsaro ya rage bukukuwa a jihar Tilaberi, wuraren da yaro ke koyon take da kunne suna ta raguwa, tsofaffin kuma ba za su jira mu ba.

Colyer ya ƙetare teku kafin ya iske malaminsa. Namu malamin yana bayan rumfa bisa tabarma, tafiyar taku ashirin daga kujerar shugaban taro.