Ismael Lo, mai busar harmonika ɗan Dogon Dutsi

An haifi Ismael Lo a Dogon Dutsi, cikin ƙasar Arewa, ranar 30 ga Agusta, 1956. Mahaifinsa mutumin Senegal ne da aiki ya kawo Nijar, mahaifiyarsa kuwa ƴar ƙasa ce. Yana ƙarami iyalin suka koma Rufisque, kusa da Dakar. A can ya tashi, ya kuma yi karatun zane a makarantar fasaha ta Dakar.

Abin da ya fito da shi duniya bai fi tsawon tafin hannu ba. Harmonika ɗan ƙaramin abin busa ne mai ramuka a jere, a cikinsa akwai siraran harsunan ƙarfe masu kaɗawa. In an hura ta ba da murya, in an zuƙa ta ba da wata, saboda haka mai busa ba ya yanke waƙa don shan iska. Ismael ya koyi busa ta tun yana yaro. Masu ba da tarihinsa sun ce kafe ta yake yi a jikin bango, bakinsa na busa, hannuwansa na kaɗa jitar da ya haɗa da kansa.

A ƙarshen shekarun 1970 ya shiga ƙungiyar Super Diamono ta Omar Pene, a 1984 kuma ya fita ya kama gaban kansa. Daga nan ne gwanintarsa ta tsara kiɗa ta bayyana. Kiɗan mbalax na Senegal kiɗan ganguna ne, mai zafi da sauri. Shi sai ya sassauta shi a waƙoƙi da dama, ya ja ganguna baya, ya bar wa jita da harmonika da murya fili. Aikin mai tsara kiɗa ke nan: sanin wa zai shigo, wa zai saurara, da inda shiru ya fi sauti amfani. Bahaushe ba baƙon wannan ilimi ba ne, don duk wanda ya saurari Mamman Shata ya ji yadda kalangu da ƴan amshi ke jiran bakin maigida kafin su ɗauka.

Waƙarsa Tajabone ita ce shaida. Babu tarin kayan kiɗa a cikinta, amma ta kai Pedro Almodovar, mai shirya fim na Sifaniya, ya sa ta a fim ɗinsa na 1999. Fayafayansa Iso na 1994 da Jammu Africa na 1996 sun zaga duniya, Faransa kuma ta ba shi lambar girmamawa a 2002. Ya fito a fim ɗin Camp de Thiaroye na Ousmane Sembene.

Abin takaici shi ne yadda ƙasar haihuwarsa ke sakaci da wannan fanni. Yawancin waƙoƙin da ke tashe yau a Maraɗi da Kano, fiyano da kwamfuta ne ke yin kiɗansu. Na'ura ba ta da laifi, ta sauƙaƙa wa matasa shiga sana'a. Amma yaron da bai taɓa riƙe gurmi ko goge ko sarewa ba, da wuya kunnensa ya nuna har ya iya jagorantar makaɗa goma. Marigayi Sa'adu Bori, wanda ya rasu a 2008, ya nuna cewa Maraɗi na da abin kaiwa kasuwar duniya, lokacin da ya ɗora kiɗan bori a kan kayan zamani. Cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya kuwa, wadda aka buɗe a 1989, tana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. Yaro mai kunnen kiɗa na Safo ko na Madarunfa, a yankin Maraɗi, ba shi da halin zuwa can.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙananan hukumomi ba. Harmonika da sarewa ba su da tsada, ba sa bukatar lantarki, tsofaffin makaɗa kuma suna nan da ransu a ƙauyuka. Ya kamata hukumomin Safo da Madarunfa su ware wa gidajen matasa da makarantu ɗan abin sayen kayan busa, su kuma biya waɗannan dattawa ladan koyarwa.