Malami Shi Ne Manhaja: Tarbiyyar Ɗalibai a Islamiyyun Gyallesu

Duk shugaban makarantar Islamiyya da aka tambaya manufar makarantarsa, a Gyallesu ko a wata unguwa ta Zariya, kalmar da zai fara ambata ita ce tarbiyya. Iyaye ma ita suke ambata ranar da suka kai yaro. Amma idan zango ya ƙare, abin da ake rubutawa a takardar sakamako shi ne izu nawa aka haddace, maki nawa aka ci a Fiƙihu da Tauhidi, da kuma wanda ya zo na ɗaya. Halin yaro, wanda dominsa aka ce an kafa makarantar, layi guda ake ware masa a ƙasan takarda, a cike shi da "madalla". Matsayin wannan rubutu shi ne, hali daga hali ake ɗaukarsa, don haka makarantar da ba ta kula da wanda ke tsaye gaban allo ba, ba ta fara aikin tarbiyya ba tukuna.

Manazarta Hausa sun san siffofi goma da Anthony Kirk-Greene ya zayyana a ƙasidarsa ta 1974 a kan mutumin kirki: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu ko ɗaya a cikinsu da ake iya tabbatarwa da alƙalami a ɗakin jarrabawa. Yaro zai iya kawo ma'anar amana da nassinta ba gargada, sannan ya karɓi canjin da aka aike shi ya soke a aljihu. Bahaushe a mu'amala yake gane mai kirki: wajen ciniki, wajen bashi, wajen fushi, da wajen zama da maƙwabci.

Tsohon tsarin karatun zaure, wanda Zazzau ta shahara da shi, ya fahimci haka. Littafin Ahalari, da ɗalibi ke farawa da shi a fiƙihu, yana buɗewa ne da gyaran imani da tuba da tsare harshe da zaɓen abokin zama, kafin ya shiga hukuncin tsarki da salla. Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji kuwa kacokan a kan ladubban neman ilimi yake. Sai dai abin da ya fi littattafan tasiri shi ne zaman da ɗalibi ke yi shekara da shekaru a gaban malami guda. Yana ganin yadda malam ke tarbar baƙo, da yadda yake amsa wa wanda ya saɓa masa a mas'ala, da abin da yake yi idan aka kawo masa kuɗin da bai san asalinsa ba. Shi ya sa da Abdullahi ɗan Fodiyo ya tashi rubuta tarihin karatunsa a Ida'un Nusukhi, malamansa ya jero ɗaya bayan ɗaya, tare da abin da ya ɗauka a wurin kowannensu. A cikin irin wannan zama Zazzau ta samar da malamai kamar Shehu Yahuza ɗan Sa'adu, mai Fathul Jawadi. Tsarin yana da nasa aibin, musamman bara da duka a makarantun allo, amma bai taɓa raba ilimi da mai ɗauke da shi ba.

Makarantar Islamiyya ta zo da alherin da ba a musunsa. Tun daga yunƙurin su Malam Aminu Kano a shekarun 1950, zuwa yaɗuwarta bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ta buɗe ƙofa ga 'yan mata da matan aure, ta kawo aji da manhaja da tajwidi da Larabci. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda aka fara a Sakkwato a 1986, ta ƙara wa hadda daraja. Amma tsarin aji ya taƙaita zaman ɗalibi da malami zuwa 'yan sa'o'in yamma ko na ƙarshen mako, cikin aji mai cunkoso, malamai na shiga suna fita. A haka Akhlaƙ ya koma darasi mai lokaci a jadawali, ana biya shi kamar yadda ake biya Nahawu.

Lamarin ya fi nauyi a Gyallesu saboda yanayin unguwar. Wuri ne da ya tara 'yan ɗariƙa da 'yan Izala da mabiya Shi'a da Kiristoci, ga ɗaliban manyan makarantu daga sassan Nijeriya daban-daban. Wuri ne kuma da ya ga tashin hankalin watan Disamba na 2015, lokacin da sojoji suka yi arangama da mabiya Shehu Ibrahim Zakzaky, aka rusa gidansa da ke unguwar, daga baya jami'an gwamnatin Jihar Kaduna suka shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a kabari guda. Ba makarantun Islamiyya ne suka haddasa wannan masifa ba. Sai dai yaran da suke firamare a lokacin yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu ma sun fara riƙe alli. Abin da aka faɗa musu game da maƙwabcin da ba aƙidarsu ɗaya ba, da irin lafazin da aka faɗa musu shi, shi za su miƙa wa na bayansu. Makarantar da ta yaye mahaddaci mai ƙyamar amsa sallamar maƙwabci don bambancin malami, ta cika manhajarta amma ta bar unguwa da ciwo.

Akwai masu cewa tarbiyya aikin gida ce, makaranta ba za ta gyara cikin sa'a biyu abin da waya da majalisa suka ɓata a yini guda ba. Akwai gaskiya a nan, amma makarantar da ta karɓi yaro da sunan tarbiyya ta ɗauki amana. Wasu kuma na ganin sakin bulala ne ya kawo lalacewa. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutane sama da 300, wasu da mari a ƙafa, daga wani gidan da ake kira na gyaran hali, ya isa ishara. Tsoro yana sa yaro ya nutsu matuƙar malam na kallo, da ya juya baya kuwa sai ainihin hali ya fito.

Gyara zai fara ne daga malami. Ya kamata masu makarantu su binciki halin wanda za su ɗauka kamar yadda suke sauraron ƙira'arsa, su biya shi abin da zai riƙe shi, domin wanda ake bi bashin hatsi ba ya samun natsuwar renon 'ya'yan wasu. Ya kamata kowane aji ya samu malami guda da zai bi shi shekaru, ya san gidan kowane yaro. A damƙa wa ɗalibai ƙananan amanoni na gaske, kamar riƙe asusun aji da duba marar lafiya da yashe kwata, a shaide su a kan haka. Makarantun ɓangarori daban-daban su riƙa ziyartar juna a walimar sauka. Babbar makarantar horar da malamai ta tarayya, wadda aka kafa tun 1962, tana nan a Gyallesu, kuma ba abin da zai hana ta shirya wa malaman Islamiyyar da ke kewaye da ita gajerun kwasa-kwasai kan halayyar yara da dabarun horo ba da duka ba.

Manazarta Hausa ma suna da rabonsu. Harshen ajin Islamiyya fage ne na bincike: waƙoƙin da yara ke rerawa a taron safe ko na yamma, kalmomin yabo da na tsawa, da laƙabobin da malami ke kiran wasu ɓangarori da su. A cikin waɗannan kalmomi ake shuka kirki ko ƙiyayya tun kafin yaro ya san ma'anarsu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya kamata iyaye da masu makarantu su tsaya su tantance shi ne hannun da aka miƙa wa iccen.