Godiyar Kaka Kaɗai Ba Ta Isa Tarbiyya Ba

Da zarar an gama yankan gero a Sandamu da Baure da Mai'aduwa, majami'un Daura sai su shiga shirin sujadar godiyar kaka. 'Yan Zumuntar Mata su fito da anko, a jera dammunan gero da ƙwaryar wake da zakara a gaban bagade, yaran Makarantar Lahadi su yi waƙa. Ina ƙaunar ranar nan ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne iyaye da yawa sun sallama mata aikin da ya kamata a riƙa yi kullum a tsakar gida.

Yaro yana lura. Idan ya ga wanda ya kawo buhu ake tafa wa, gwauruwar da ta kawo mudu ɗaya kuma ta koma mazauninta shiru, zai ɗauka godiya sai mai hali. A Bisharar Luka sura 17, kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ne tak ya juyo, Basamariye, kuma bai zo da komai a hannu ba. Ƙafa ya taka ya komo wurin wanda ya yi masa alheri.

Takawar nan ce 'ya'yanmu suke bukata. Kiristocin Daura ba su da yawa, kusan duk alherin da ke shigowa gidajensu daga hannun maƙwabta Musulmi yake fitowa. Ranar Babbar Sallah yarinya za ta yi sallama da nama a langa, ta ce, "Wai in ji Hajiya, ga shi ba yawa." Kada uwa ta karɓa ta rufe ƙofa. Ta wanke langar, ta saka ɗan tukuici, ta kama hannun ɗanta su tafi tare, ya durƙusa ya ce, "Hajiya, mun ga saƙo, Allah ya saka da alheri." In Kirsimeti ta zo, shi za a ɗora wa kular shinkafa.

Kowane ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, kafin Bayajida ya kashe shi. Garin da ya taso da wannan labari bai kamata yaro ya bar ɗan garuwa ya sauke jarka yana haɗa gumi ba a ce masa sannu ba.

Sai mu, iyaye maza. Mun iya doguwar addu'a a kan tuwo, muna gode wa Ubangiji da ya tanada, amma wadda ta sha hayaƙi tun la'asar ba ta jin ko kalma. Yaro, mu ce Bitrus, yana zaune a gefen tabarma yana saurare. Bai taɓa jin babansa ya ce, "Sannu da aiki, Maman Bitrus" ba, gobe kuma shi za a yi wa faɗa don bai gode wa kawunsa ba.