Shiru Ba Zaman Lafiya Ba Ne

A shekarar 1973 gidan talabijin na ƙasar Suwidin ya nuna wani wasan kwaikwayo mai kashi 6 na Ingmar Bergman, wanda ake kira Scenes from a Marriage da Turanci. Johan da Marianne sun shekara 10 da aure, suna da 'ya'ya mata biyu, har wata mujalla ta yi hira da su a matsayin abin koyi. Wata rana da dare Johan ya ce yana son wata yarinya, gobe zai tafi da ita. Daga baya Marianne ta gane abokansu sun sani tuntuni, babu wanda ya buɗe baki.

'Yan'uwa, wannan labari ba na Turawa kaɗai ba ne. Daga Bebeji da Kiru zuwa Tudun Wada da Doguwa, da an kammala girbi sai maigida ya tafi cin rani Kano ko Abuja, ya yi watanni. Ya dawo, ba ya tambaya, uwargida ba ta faɗa, mu kuma mu ce gidan lafiya lau tunda ba a jin faɗa. Muna kiran wannan haƙuri, alhali ciwo ne yake ci a ɓoye.

Muna yi wa masu shirin aure gargaɗi kafin biki, bayan biki mu watsar da su. Muna roƙon fastoci da dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata su riƙa zama da ma'aurata, ko da sau ɗaya kafin tafiyar rani. Wanda kuwa ya ga ɓaraka a gidan ɗan'uwansa, ya je ya same shi a asirce tun rami bai yi zurfi ba.