Rufin idirojel: ƴar siririyar kariya tsakanin tiyo da jinin majinyaci

Jini ba ya son baƙo. Da zarar ya taɓa roba ko ƙarfe, cikin ƴan daƙiƙoƙi sinadaran furotin da ke cikinsa, irin su fibirinojen, sai su manne wa abin. Ƙwayoyin filaket su biyo baya, jini ya fara daskarewa. Gudan jinin na iya toshe tiyo, ko ya ɓalle ya bi jijiya har huhu. Shi ya sa a wajen wankin ƙoda ake ba majinyaci eparin, maganin hana daskarewa, wanda shi ma kan jawo zubar jini.

Dabarar da masana ke bi ita ce a shafe tiyon da idirojel, wani abu mai yauƙi da ke riƙe ruwa sosai. Wasu masana biyu na ƙasar Cekosulobakiya, Otto Wichterle da Drahoslav Lím, suka bayyana irinsa a 1960, kuma da shi aka ƙera tabarau mai laushi da ake sa wa cikin ido. Idan aka lulluɓe kateter da shi, ruwa jini ke fara tararwa kafin roba: furotin ba ya samun wurin kamawa sosai, tiyon kuma ya shige jijiya da santsi.

Amma akwai sharaɗi. A watan Nuwamba na 2015, hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗin cewa rufin santsi na wasu kayan da ake zurawa cikin jijiya na iya ɓarewa, ɓarɓashinsa ya toshe hanyoyin jini. Ajiya mara kyau da rashin bin ƙa'idar aiki na cikin dalilan.

A nan batun ya shafi Nijar. Daga waje ake shigo da waɗannan kaya, kuma masu ciwon ƙoda da dama, a Yamai ko Damagaram, da kateter suke fara wanki, saboda sai ciwo ya yi nisa suke isa asibiti. Saboda haka, masu yi wa asibitoci sayayya bai kamata su tsaya ga farashi kaɗai ba. Su nemi takardar gwajin rufin, su duba ranar ƙarewar aiki, su tabbatar magaza na kare kaya daga zafin bazara, a kuma horar da ma'aikata. Araha ba ta ado, balle ga abin da zai kwana cikin jijiyar mutum.