Tun yaushe yunwa ta koma ciwon likita?

Wata damina na raka ƙanwata gidan likita da ɗanta mai wata goma sha huɗu. Aka naɗa masa zaren awon nan a damtse, ya faɗa kan ja. Aka ɗora shi bisa sikeli, aka cika kati, aka ba ta Plumpy'Nut na sati guda. Ma'aikaciyar ta ɗaga yatsa ta ce: "Uwar yaro, wannan magani ne, ba abinci ba ne. Kar ki ba sauran yara." Sauran yaran su uku ne, kuma tun jiya ba a ɗora tukunya a gidan ba. Ba wanda ya tambaye ta wannan, don katin ba shi da gurbinsa.

Kada wani ya ce ina zagin abin da ya ceci ɗan ƙanwata. Gyaɗa ce da madara da sukari da mai da bitamin, giram 92 a kowace leda, wanda likitan yara André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka haɗa a 1996. Kafin shi, sai an kwantar da yaro makonni ana ba shi madara ta musamman, uwa ta bar gona da sauran 'ya'ya. A 2005 ƙungiyar MSF ta yi jinyar yara sama da dubu sittin a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Wanda ya raina wannan bai taɓa ganin yaro mai tamowa ba.

Rigimata da tunanin da ke bayan katin ce. Tunani ne da ke ɗaukar jiki kamar inji: nemo inda ya lalace, auna, gyara, sallama. Ga zazzaɓin cizon sauro ko karaya, madalla. Amma da aka shigar da yunwa cikinsa sai ta canza suna. Ta zama milimita 115 a damtse, ta zama "kes", ta samu ma'aikatarta da rahotonta na wata-wata. Wanda ya haura awon da milimita biyu bai faɗa kan ja ba a takarda, sai ya koma gida ya ƙara ramewa kafin ya cancanta.

Ku tuna 2005 ɗin da kyau. Gaskiya an yi fari da fara a 2004, amma hatsi bai ƙare a kasuwa ba. Maraɗi ita ce rumbun ƙasa, amma can ma yara suka yi ta mutuwa. Buhu ya ninka kuɗinsa, talaka ya ci bashin hatsi da sharaɗin biya ninki a kaka, gonar gado ta tsattsage har ba ta ciyar da gida wata shida. A farkon shekarar nan ne gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 bisa madara da fulawa da sukari, sai da jama'a suka cika titunan Yamai aka janye na madara da fulawa. Shugaba Tandja Mamadou ya ce babu yunwa a ƙasar. Wane daga cikin waɗannan ne ake gani a sikeli?

Nan ne mai mulki ke samun sauƙi. In yunwa ce, shi za a tambaya. In tamowa ce, ciwo ne, ciwo kuwa na likita ne da masu agaji. Sannan laifi ya gangaro kan uwa: ba ta iya yaye ba, ba ta da tsabta, jahilci ne. A tara mata a ƙarƙashin rumfa ana koya musu haɗa kunu da ƙwai da kifi, matan da tiyar hatsi ta gagare su. Na zauna a irin wannan taro, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Su kansu likitoci sun daɗe da gane wannan. A 1848 aka aiki Rudolf Virchow ya binciki annobar zazzaɓi a yankin Silesiya, ya dawo ya ce maganinta ilimi ne da 'yanci da wadata ga talakawan wurin. A 1977 George Engel ya rubuta a mujallar Science cewa likitancin da bai ga komai sai ƙwayar cuta da sinadarin jini ya bar mutum da zamansa a waje. Mu kuma muka karɓi rabin da ya fi sauƙin ƙirgawa, wataƙila don shi ne mai ba da kuɗi ke iya gani a rahoto.

Ƙanwata ta raba ledojin nan huɗu, ni ma da haka zan yi. Da ta koma awo yaron bai hau yadda ake so ba, aka yi mata faɗa gaban mutane, aka ce za a cire sunanta. Daga baya ya murmure, aka sallame shi, aka rubuta ya warke. Damina ta zagayo, rumbu ya sake yin ƙasa, ta goya shi suka koma, aka buɗe masa sabon kati da sabuwar lamba.