Ku daina yi wa waɗanda aka damfara da soyayya dariya

1/ Duk ranar da labari ya fito an damfari wata da sunan soyayya a intanet, nan da nan za ka ga ana rubuta "maganinta ke nan", "kwaɗayi ne", "wa ya aike ta". Na gaji da wannan wallahi. Dariyar nan taku ɓarawon take yi wa aiki. Zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa.

2/ Kun ɗauka wani yaro ne shi kaɗai a ɗaki da wayarsa? A Disambar 2024 EFCC ta kama mutum 792 a gini ɗaya a Victoria Island, Legas, ciki har da 'yan China 148, bisa zargin damfarar soyayya da ta kiripto. Ofis guda fa, da kwamfutoci da masu koyar da sababbin shiga. A Amurka kuma, kusan mutum 70,000 ne suka kai ƙara a 2022, asararsu ta kai dala biliyan 1.3. Duk waɗannan wawaye ne, ke kaɗai ce mai wayo?

3/ Ba da maganar kuɗi suke farawa ba, shi ya sa ake faɗawa. Sati uku, wata biyu, bai roƙe ki ko sisi ba. Shi zai tashe ki sallar asuba, ya tambayi jikin Mama, ya tuna ranar jarabawarki. Wani ma shi zai fara turo miki data. Mutumin da ke cikin kaɗaici ko ya fito daga rabuwa mai ciwo, wannan kulawar ce take kama shi, kuɗi daga baya ne. A wajenmu kuma sun san makullin: "Ni ba wasa ya kawo ni ba, aure nake so, bayan sallah zan turo magabatana." Shi ke nan, an daina tambaya.

4/ Sai labarin ya zo. Ya aiko miki da kaya daga Dubai, kwastan sun riƙe, a biya kuɗin fito. Ko an rufe masa asusu yana kan hanya. Ko kuma, wanda ya fi muni, ba ya roƙo sam: manhajar kiripto zai nuna miki, ki sa kaɗan, ki ga riba, har a bar ki ki cire sau ɗaya. Lambobin da ke kan allon su suke rubuta su da hannunsu. Ran da kika zuba kuɗin makaranta, ranar za a ce sai kin biya haraji kafin ki cire.

5/ Maza, kar ku gyara zama, da ku nake. Kyakkyawar da ta yi maka magana da kanta, cikin awa biyu ta nemi hoton tsiraici, ƙato ne. A Yulin 2024 Meta ta goge asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda wannan sana'ar. Masu cewa "ai Turawa suke cuta, ramuwa ce" su je su karanta labarin Jordan DeMay, ɗan shekara 17 a Michigan da ya kashe kansa a 2022 bayan an yi masa barazana da hotonsa. 'Yan'uwa biyu daga Legas aka yanke wa shekara 17 da rabi kowannensu. Wace ramuwa ce a nan?

6/ Abin dubawa ba shi da yawa. Sa hotonsa a Google Lens ki ga ko na wani ne. Kullum kyamara ta lalace, kullum netwok? To. Ko ya yarda da kiran bidiyo ma kar ki saki jiki, yanzu ana canza fuska. Ni ma'aunina ɗaya ne: wanda ba ku taɓa haɗuwa ba, babu wani naki da ya san gidansu, bai cancanci naira ɗaya ko hoto ɗaya ba. In ya ce "kar ki faɗa wa kowa, akwai mahassada", a ranar ki faɗa wa wani.

7/ A nan dariyarku take shigowa. Duk lissafinsa a kan kunya yake. Ya san gara ta sayar da wayarta ta biya shi da a ji a gida ko a ga sunanta a guruf ɗin aji. Kowane "maganinta" da kuka rubuta, wata da ke tsakiyar abin tana karantawa, sai ta ƙara yin shiru, ta ƙara turawa.

8/ In kina ciki yanzu, ko kana ciki: kar a ƙara tura komai, biya ba ya sa su daina, ƙari suke nema. Ɗauki hoton hirar da lambar asusun kafin ki toshe shi. Kira bankinki yau, ki kai wa EFCC ko 'yan sanda. Sannan ki sa ido, wasu za su biyo baya su ce za su ƙwato miki kuɗinki in kin biya kafin alƙalami. Su ma 'yan damfara ne, wani lokaci ma mutanen farkon ne da sabon suna.